Dawowar Doctor Who a 2005: Sharhi kan Kundin Faya-fayan Zango na Farko

A watan Nuwamba na shekarar 2005 kafar BBC ta fitar da kundin faya-fayan DVD guda 5 da ya tattara kashi 13 na zangon farko na sabon Doctor Who, shirin ƙagaggun labaran kimiyya da aka farfaɗo da shi bayan ya shafe kusan shekara 16 ba ya cikin jerin shirye-shiryen talabijin. Har gobe idan wani ya tambaye ni ta ina ya kamata ya fara kallon wannan shiri, wannan kundin nake nuna masa. Aibinsa a fili yake, kuma zan faɗe shi, amma babu wani zango da ya kai shi kula da mutumin da bai taɓa jin sunan shirin ba. Waɗanda suka shirya shi sun san cewa tsofaffin masoya irina za mu zauna mu kalla ko da me aka kawo mana, saboda haka ba su ɓata lokaci wajen lallashinmu ba, sai suka fuskanci yara da iyayensu da ke zaune gaban talabijin da yammacin Asabar. Wannan shawara ce ta ceci shirin, duk da cewa ta ɓata wa da yawa daga cikinmu rai a lokacin.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani baƙo ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, wanda ake kira Dakta kawai, mai zuciya biyu a ƙirji, da yake yawo cikin lokaci da sararin samaniya a wani jirgi mai suna TARDIS. Daga waje jirgin akwatin wayar 'yan sandan Birtaniya ne mai launin shuɗi, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. An fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, William Hartnell ne ya fara hawa matsayin Dakta, Verity Lambert ce furodusa, Waris Hussein ɗan asalin Indiya kuma ya ba da umarni a labarin farko. Da rashin lafiya ta sa Hartnell ya kasa ci gaba a 1966, sai marubuta suka ƙirƙiro dabarar da ta ba shirin tsawon rai, wato idan jikin Dakta ya kusa mutuwa sai ya rikiɗa ya koma wani mutum daban, da sabuwar fuska da sabon hali, amma da tsohon tunaninsa. Ta haka Patrick Troughton ya karɓa, aka bi ta kan Jon Pertwee da Tom Baker, wanda ya fi kowa daɗewa daga 1974 zuwa 1981, har zuwa Sylvester McCoy, na bakwai.

Mu a wannan yanki muna da ɗan hannu a tarihin shirin, ko da yake ba kowa ya sani ba. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗinta don sake amfani da su, abin da ya sa kashi da yawa na zamanin Hartnell da Troughton suka ɓace, sai dai kwafin da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, ciki har da Najeriya. A 2013 wani mai bincike, Philip Morris, ya gano kashi 9 daga cikin ɓatattun a ajiye a wata tashar talabijin a Jos, na labarai biyu na zamanin Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear, abin da a lokacin ya rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97.

A Disamba 1989 aka dakatar da tsohon shirin bayan zango 26. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: masu kallo sun ragu, manyan BBC irin su Michael Grade ba su ɓoye ƙyamarsu gare shi ba, an riƙa sa shi a daidai lokacin da tashar ITV ke nuna Coronation Street da kusan kowane gida ke bi, kuɗin da ake kashe masa kuma bai isa ya yi gogayya da abin da Amurka ke fitarwa ba. Akwai kuma wani dalili da mu masoya ba mu cika son ambatonsa ba, shi ne cewa a shekarunsa na ƙarshe shirin ya zama tamkar gidan gado da aka yi ta ƙara masa ɗakuna har baƙo ya kasa gane ƙofar shiga. A 1996 aka gwada fim na talabijin da haɗin gwiwar kamfanonin Amurka, Paul McGann ya fito a matsayin Dakta na takwas, amma fim ɗin ya buɗe da tarin bayanai kan abubuwan da sabon mai kallo bai san su ba, bai samu karɓuwa a Amurka ba, maganar ta mutu. Abin da ya rage shi ne littattafai da wasannin kwaikwayo na sauti da masoya suka ci gaba da rubutawa, kuma daga cikin waɗannan marubuta ne aka samu mafi yawan waɗanda suka rubuta zangon da nake magana a kai.

A Satumba 2003 BBC ta sanar da cewa shirin zai dawo ƙarƙashin jagorancin marubuci Russell T Davies, tare da furodusa Julie Gardner, kuma reshen BBC na Wales ne zai shirya shi a birnin Cardiff. Kashi na farko, mai suna Rose, ya fito ranar 26 ga Maris 2005, mutum miliyan 10.8 suka kalla. Abin lura shi ne sunan da aka ba kashin, domin sunan yarinyar ne, kuma da ita aka buɗe. Rose Tyler 'yar shekara 19 ce, tana zaune da mahaifiyarta a rukunin gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Landan, tana aikin sayar da tufafi a wani babban kanti, kuma a cikin 'yan mintoci na farko an nuna mana tashinta daga barci, da hawa bas, da cin abincin rana da saurayinta, kafin ta sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin kantin inda mutum-mutumin roba da ake rataya wa tufafi suka fara motsi suna nufo ta. Sai wani mutum ya kama hannunta ya ce ta gudu. Ba a faɗi sunan duniyarsa ba, ba a ambaci cewa shi ne na tara ba, ba a nuna rikiɗarsa daga na takwas ba. Duk abin da muka sani game da shi, ta idon Rose muka sani, a daidai lokacin da ita ma take sani. Waɗannan mutum-mutumin tsofaffin abokan gaba ne tun 1970, amma ko sunansu ba a furta ba a cikin kashin, wanda ya san su ya ji daɗi, wanda bai sani ba bai rasa komai ba.

Babbar dabarar Davies ita ce abin da ya yi da tarihin shirin. A ƙarshen kashi na biyu, bayan Dakta ya kai Rose shekara biliyan 5 nan gaba ta ga ranar da rana za ta cinye duniya, sai ya dawo da ita wani titi mai cike da jama'a ya gaya mata cewa tasa duniyar ma ta ƙone, an yi yaƙi, jama'arsa duk sun hallaka, shi kaɗai ya saura. Da wannan magana ɗaya aka share majalisun Gallifrey da shugabanninta da dokokinta da duk abin da ya nauyaya tsohon shirin, aka kuma ba Dakta wani ciwo da zai riƙa ɗauke da shi. Masoya da yawa sun ji zafin wannan, ni ma na ji, domin mun shafe shekaru muna tattara waɗannan bayanai muna muhawara a kansu. Amma idan aka duba ta fuskar labari, hukuncin daidai ne. Sabon mai kallo ya samu mutum mai makoki da yake iya fahimta, tsohon mai kallo kuma ya samu wanda yake taya shi jimamin abin da ya wuce, tunda shi ma an raba shi da shirinsa shekara da shekaru.

Christopher Eccleston ne ya ɗauki wannan nauyi na fitowa a matsayin Dakta, kuma zaɓensa kansa sanarwa ce. Daktocin baya sun saba da dogayen riguna da huluna da gyale mai tsawon gaske da lafazin masu ilimin kudancin Ingila. Eccleston ɗan Salford ne, an san shi da wasannin kwaikwayo masu nauyi, ya zo da askin ƙwal-kwabo kusan, da baƙar rigar fata, da lafazin mutanen arewacin Ingila da bai yi ƙoƙarin gyarawa ba. Da Rose ta tambaye shi yadda aka yi baƙo daga wata duniya yake magana kamar ɗan arewa, sai ya amsa da cewa ai duniyoyi da yawa suna da arewa, amsar da na tabbata za ta yi wa mai karatu a nan daɗi. Inda yake da rauni shi ne barkwanci, domin a kashi na farko-farko murmushinsa yakan fito kamar na dole. Sai dai da tafiya ta yi nisa mutum yakan gane cewa wannan dolen ya dace da halin, mutum ne da yake tilasta wa kansa fara'a don kada ya tsaya ya tuna. Ko da gangan aka yi ko dacewa ce, sakamakon ya yi kyau.

Billie Piper kuwa, da ta fito a matsayin Rose, wadda kafin nan mawaƙiya ce ta matasa kuma mutane da yawa suka raina zaɓenta, ita ce ginshiƙin zangon. A tsohon shirin abokan tafiyar Dakta sukan shiga jirgi su bar gida ba tare da an sake jin labarin iyayensu ba. A nan kuwa, a kashi na 4 Dakta ya dawo da Rose gida yana zaton awa 12 suka yi, ashe wata 12 ne, mahaifiyarta Jackie ta manna hotunan cigiyarta ko'ina, 'yan sanda sun yi ta tuhumar saurayinta Mickey da kisanta, unguwa ta juya masa baya. Jackie ta kwaɗa wa Dakta mari, daga baya kuma ta yi masa tambayar da duk uwa za ta yi, ko zai iya tabbatar mata cewa 'yarta tana cikin aminci, shi kuwa ya kasa amsawa. Wasu masoya sun yi ƙorafin cewa an mayar da shirin wasan kwaikwayon rikicin gida. Ni ban yarda da su ba, domin sai da aka nuna mana gidan da Rose ta bari sannan tafiyarta ta zama tana da farashi.

Kashi na 6, mai suna Dalek, wanda Robert Shearman ya rubuta, shi ne zuciyar kundin, kuma ko don shi kaɗai kuɗin mai saye bai faɗi ba. Su Dalek, waɗanda Terry Nation ya ƙirƙira a 1963, halittu ne da ke zaune cikin sulken ƙarfe, ba su san komai ba sai ƙiyayya ga duk abin da ba irinsu ba. Zuwa shekarun 1980 sun riga sun zama abin dariya a Birtaniya, kowa yana cewa ai in sun biyo ka sai ka hau matakala, tunda tayoyi gare su. Saura kaɗan ma a rasa su a sabon shirin, saboda saɓanin da aka samu da magadan Nation a 2004 kafin a sasanta. Shearman bai kawo runduna ba, guda ɗaya tak ya kawo, a ɗaure da sarƙa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a jihar Utah ta Amurka, inda wani attajiri yake tara kayan wasu duniyoyi yana kuma azabtar da shi don ya yi magana. Dakta ya shiga ɗakin cikin duhu da niyyar taimakon fursunan da bai san ko wane ne ba, sai fitilun kan sulken suka kama, muryar ta kira sunansa. Abin da Eccleston ya yi a mintocin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsa a wurin wani Dakta ba: tsoro da bugun ƙofa yana roƙon a buɗe, sannan dariyar mugunta da ya gane bindigar halittar ba ta aiki, sannan ihu har miyau na fita daga bakinsa yana alfahari da cewa shi ya ƙone jinsinsu gaba ɗaya, sai kuma shiru da aka tambaye shi labarin nasa jinsin. A nan muka gane cewa shi da kansa ya kawo ƙarshen yaƙin, da hannunsa ya hallaka ɓangarorin biyu.

Sauran kashin yana bin duk abin da ake yi wa Dalek dariya da shi ɗaya bayan ɗaya yana mayar da shi abin tsoro. Hannunsa mai kama da robar zuƙe magudanar ruwa ya murƙushe kan mutum, tsakiyar jikinsa tana juyawa ya harbi ta baya, da aka zo matakala kuma sai ya tashi sama. Tsofaffin masoya za su yi saurin tuna wa kowa cewa an riga an nuna Dalek yana hawa matakala tun 1988, kuma gaskiya ne, amma a lokacin mutane kaɗan ne ke kallo. Abin da ya fi duk wannan shi ne yadda labarin ya juya, har ta kai Dalek ɗin ya shaida wa Dakta cewa da zai dace da zama ɗaya daga cikinsu, a ƙarshe kuma Rose ce ta tsaya tsakaninsu, Dakta riƙe da bindiga, halittar kuma ta buɗe sulkenta tana neman hasken rana. Nicholas Briggs da ya yi muryar Dalek ɗin ya cancanci yabo daidai da na Eccleston.

Bayan wannan sai Father's Day na Paul Cornell, inda Rose ta roƙi a kai ta 1987, ranar da mota ta kaɗe mahaifinta, don kada ya mutu shi kaɗai, amma da lokacin ya zo ta kasa daurewa ta ture shi daga gaban motar. Dodannin da suka biyo bayan wannan ɓarna ba su ne abin kallo ba. Abin kallo shi ne yadda ta tarar mahaifin ba gwarzon da aka ba ta labari ba ne, mutum ne mai 'yan dabarun neman kuɗi da ba sa cin nasara, kullum cikin faɗa da matarsa, da kuma yadda shi da kansa ya gano abin da ya wajaba a kansa ba tare da kowa ya faɗa masa ba. Sai labari mai kashi biyu na Steven Moffat, The Empty Child da The Doctor Dances, a Landan ta 1941 lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai, inda wani yaro sanye da takunkumin kare iska mai guba yake yawo cikin dare yana tambayar kowa ko shi ne mahaifiyarsa. Shi ne mafi ban tsoro a zangon, shi ne kuma ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2006, kuma warwararsa ta fito ne daga abubuwan da aka shuka tun farkon labarin. Murnar da Dakta ya yi da ya ga a wannan karon babu wanda ya mutu tana da nauyi ne kawai saboda mun ga abin da ya faru a Utah.

Aibin kundin kuwa yana da yawa. A kashi na farko akwai kwandon shara na roba da ya haɗiye Mickey ya yi gyatsa. A kashi na 4 da na 5 akwai su Slitheen, baƙin halittu da suke sa fatar 'yan siyasa masu ƙiba suna ta sakin iska, barkwancin da aka maimaita har ya gundura, ya kuma danne abin da labarin yake son faɗa, domin a ƙarƙashinsa akwai habaici mai kaifi ga gwamnatin Birtaniya da ta shiga yaƙin Iraƙi, har da da'awar makaman da za a iya harbawa cikin daƙiƙa 45. The Long Game ya ɗauko magana mai muhimmanci kan yadda kafar labarai ke sarrafa tunanin jama'a, ya kuma samu shahararren ɗan wasa Simon Pegg, amma ya ƙare ba tare da ya yi komai da su ba. Kashi na 12 ya gina rabinsa kan kwaikwayon wasu shirye-shiryen gasa na talabijin ɗin Birtaniya na wancan lokaci, har da muryoyin masu gabatar da su na ainihi, abin da mai kallo a Kano ko Zinder, ko ma matashin Landan na yau, ba zai ga abin dariya a cikinsa ba.

Akwai kuma asarar da sauyin tsari ya jawo. Tsohon shirin yakan ba da labari ɗaya cikin kashi 4 ko 6 na minti 25, kowane ya ƙare Dakta na cikin haɗari, wanda hakan kan jawo jan rai da yawan gudu a lunguna, amma yakan ba mutum damar zama cikin baƙuwar duniya ya san mutanenta. Sabon tsari na minti 45 ba ya barin wannan, sau da yawa sai a gina matsala da kyau a warware ta cikin minti biyu, ko dai da 'yar sukudireban Dakta mai aiki da sauti wadda ta koma buɗe kowace ƙofa, ko da wani abin al'ajabi da ya faɗo daga sama. Davies gwani ne wajen rubuta mutane da hirarsu, amma ba ya damuwa sosai da yadda ƙulli zai kwance. Ga shi kuma duk zangon bai taka wata duniya ba ko sau ɗaya, yana nan a doron ƙasa ko a tashoshin da ke kewaya ta. Kiɗan Murray Gold yana da daɗi a wurare, musamman muryar mace da ke rakiyar sirrin Dakta, amma a wannan zango yawancinsa da na'ura aka haɗa, kuma yakan yi ƙarfi har ya rufe magana.

Kashi na ƙarshe, wanda aka nuna ranar 18 ga Yuni 2005, ya tattara kyau da aibin gaba ɗaya. Yadda Rose ta sha ƙarfin jirgin ta share rundunar Dalek da ɗaga hannu sauƙi ne da marubuci ya nema wa kansa. Amma kafin nan an sake ajiye Dakta a gaban irin zaɓin da ya yi a yaƙi, makami a hannunsa da zai kashe maƙiya tare da mutanen duniya, aka tambaye shi ko matsoraci ne shi ko makashi, ya janye hannu ya zaɓi a kira shi matsoraci. Wannan ne ya rufe tafiyar da aka fara tun kashi na biyu, shi ya sa zangon yake tsayuwa da ƙafarsa a matsayin cikakken labari, ko da mutum bai ci gaba zuwa zamanin David Tennant, wanda ya gaji Eccleston a matsayin Dakta, ba.

Game da kundin kansa, faifai 4 na ɗauke da shirin, na 5 kuma yana ɗauke da taƙaitattun sassan Doctor Who Confidential, shirin bayan fage da ake nunawa bayan kowane kashi. Kowane kashi yana da sharhin murya na marubuta da 'yan wasa da masu shiryawa, kuma waɗanda Davies da Gardner suke ciki sun fi amfani, domin ba sa jin nauyin nuna inda kuɗi ya gaza ko inda dabara ta ƙi. Sautin an haɗa shi don lasifika masu kewaye ɗaki, akwai kuma rubutun Turanci a ƙasan allo, wanda nake ba da shawarar a kunna saboda lafazin Eccleston da saurin maganar mutanen unguwar Rose. Hoton shi ne raunin da ba shi da magani. An ɗauki zangon da kyamarar da ba ta kai ingancin hoto na zamani ba, shirin bai koma babban inganci ba sai 2009, ga kuma wani hazo mai sheƙi da aka sa wa fitilu da gangan, don haka a babban allo na yau fuskoki sukan yi laushi, dodannin kwamfuta kuma su fito a sarari cewa zane ne. Bugun Blu-ray da aka yi daga baya faɗaɗa wannan hoton kawai aka yi, saboda haka ban ga dalilin ƙara kuɗi a kansa ba. Bugun farko ya zo a akwati mai siffar TARDIS, yana da kyau a ido amma yana cin wuri, bugun baya mai siririn kwali ya fi sauƙin ajiya. Mai saye ya lura cewa ana kulle faifan DVD bisa yankunan duniya, faifan Birtaniya na yanki na 2 ne, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5, don haka sai da na'urar da ke karanta kowane yanki. Manhajar BBC iPlayer tana da shirin, amma ga mazauna Birtaniya kaɗai.

Iyaye su sani cewa kundin yana ɗauke da alamar shekara 12. Babu zubar da jini sosai, amma labarin yaron nan mai takunkumi da na gawawwakin da ke tashi a Cardiff ta 1869, inda Simon Callow ya fito a matsayin Charles Dickens, suna iya hana ƙaramin yaro barci. Haka kuma daga kashi na 9 an shigo da Kyaftin Jack, wanda John Barrowman ya taka, mutum ne da aka rubuta yana kwarkwasa ga mata da maza, kuma a kashi na ƙarshe ya sumbaci Rose da Dakta wajen bankwana. Gara mai gida ya san da wannan kafin ya kunna a gaban iyali.

Giɓin da ya fi fitowa a cikin ƙarin kayan shi ne Eccleston kansa, domin babu muryarsa a sharhin ko kashi ɗaya. 'Yan kwanaki bayan fitowar kashi na farko aka sanar da cewa zai bar shirin, BBC ta fitar da bayani da sunansa cewa yana gudun kada matsayin ya manne masa, daga baya ta amsa cewa ba ta tuntuɓe shi ba kafin ta jingina masa maganar. Shekaru bayan haka ya bayyana cewa dangantakarsa da manyan masu shirin ta lalace tun farkon ɗaukar hoto, kuma bai ji daɗin yanayin aikin ba. Wanda ya san wannan, fara'ar da ke cike da faifai na 5 takan yi masa wani iri, domin labarin bayan fagen da aka ba shi bai cika ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Zangon ya ci kyautar BAFTA, babbar lambar yabon talabijin ta Birtaniya, ta wasan kwaikwayo mafi kyau a 2006, Tennant ya kai shirin ƙololuwar farin jini, Moffat ya karɓi jagoranci a 2010, Jodie Whittaker ta zama mace ta farko da ta jagoranci shirin a matsayin Dakta, sannan Davies ya dawo a 2023 da kuɗin Disney da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a matsayin Dakta, har aka yi kashi guda a 2025 da labarinsa ke faruwa a wani shagon aski a Legas, wanda Inua Ellams haifaffen Jos ya rubuta. A cikin waɗannan shekaru an yi kashi da dama da suka fi yawancin na 2005 kyau, amma ɗakunan sun sake taruwa, a bikin cika shekara 50 a 2013 ma aka warware halakar Gallifrey, hukuncin da har yanzu nake ganin ya rage wa wasan Eccleston nauyi. Wanda zai sayi kundin ya nemi bugun DVD mai siririn kwali, ya bi kashin a jere ba tare da tsallake ko da su Slitheen ba, tunda kashi na 11 ya dogara da su, kuma kada ya yanke hukunci kafin ya kai kashi na 6.